Usur ɗin Kwamared

Shekara biyar ke nan da rasuwar kakana, Malam Isiyaku, wanda Hausawan Deptford a nan Landan suka fi sani da Kwamared. Na so a ce abin da zan rubuta a kansa bana bai wuce addu'a da 'yan labaran ban dariya ba, irin na jika da kakanta. Allah bai nufa ba. A safiyar Lahadin da muka taru a filin shaƙatawa na unguwarmu don tunawa da shi, ina tsaye gaban sahu da usur ɗinsa a bakina, sai idona ya faɗa kan wata Baturiya a gefen hanya. Karenta na ta jan igiya yana son su wuce, ita kuwa ta kafe, ta ɗaga waya tana bin mu da ita tun daga farkon sahu har ƙarshensa. Mun saba da masu ɗaukar mu hoto. Yawanci murmushi suke yi, wasu ma har su kwaikwaye mu. Wannan fuskarta a ɗaure take. Da muka haɗa ido ba ta sauke wayar ba, sai ta ja da baya a hankali, kamar wadda ta hango gobara. Na hura usur ɗin, amma ƙarar da ta fita ko na kusa da ni bai ji ba.

Bari in gaya muku abin da ta gani, domin ni ma sai daga baya na iya kallon mu da idonta. Ta ga taron mutane, maza masu gemu da mata masu hijabi, kowa da baƙar riga da jan ƙyalle ɗaure a dantse, sun jeru sahu-sahu, kowa ya saɓa sanda a kafaɗa. A gabansu wata yarinya tana ba da umarni da Rashanci, suna juyawa tare, suna buga ƙafa tare. Abin da ba ta sani ba shi ne sandunan na mopa ne, abin goge daɓen ɗaki, daga shagon Hajiya Memuna a kasuwar Deptford. Baƙaƙen rigunan su ne masu araha da na samu iri ɗaya. Jan ƙyallen kuma don Kwamared bai taɓa fita babu jan hankici a aljihunsa ba. Rabin sahun masu ciwon gwiwa ne da hawan jini. Amma waya ba ta ɗaukar hawan jini.

In ba a koma Masko ba, ba za a gane abin da ya kai mu filin nan da sanduna ba. Kakana mutumin Zariya ne. Yana saurayi, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ya samu gurbin karatu a Tarayyar Sobiyat. Ya tafi koyon aikin madatsar ruwa, ya ƙare a fassarar labarai a rediyo, aikin da ya kawo shi Landan daga baya, ya yi shekaru yana hawa bas zuwa gidan rediyon da ke Aldwych har ya yi ritaya. Ni da Umma, 'yarsa tilo, mun zo wurinsa ne bayan rasuwar mahaifina, ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Shi takardunsa na zama sun daɗe da kammala. Namu ni da Umma na wucin gadi ne, sai an riƙa sabuntawa. Duk mai riƙe da irinsu ya san yadda ake tafiya a garin nan: a hankali, kai a ƙasa, kada sunanka ya shiga bakin hukuma ko da a kan tikitin bas ne.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba, sakandare na gama na kama aiki. Duk abin da na sani game da gurguzu a bakinsa na ji, yawanci yana shan shayi ni kuma ina wanke-wanke. Uwargida yake ce mini, ni kuma in ce masa Tsoho.

"Uwargida, kin san a ƙasar can hutu ma aikin gwamnati ne?"

"Tsoho, ka faɗa mini jiya."

"Jiya ai rabin kunne kika ba ni. Miƙo sukari."

"Likita ya hana."

"Kun ji! Na baro gurguzu a Masko, na zo na same shi a kicin."

A gidan kwanan ɗalibai inda ya zauna akwai wata tsohuwa mai tsaron ƙofa. Ita ke riƙe da makullai, ita ke lura da mai shiga da mai fita, ta kai rahoto sama. Iya Mai Makulli yake ce mata. A shekarun farko bayan juyin juya hali tana budurwa, tana aiki a masaƙa, kuma ita ta ba shi labarin yadda aka sake wa mutanen birni hutu. Kafin nan, in ji ta, leburan da ya tashi aiki sai mashaya, sai caca, ranar Lahadi kuma coci. Sababbin masu mulki suka ce duk wannan ɓarna ce. Jikin ma'aikaci dukiyar ƙasa ne, ba za a bar shi ya huta yadda ya ga dama ba. Aka gina wani katafaren filin shaƙatawa a bakin kogi, kowa na iya shiga, amma ba don ya zauna yana hamma ba. Ga rumfar karatun jarida, ga inda ake lacca a kan tsabta da kimiyya, ga masu darar Turawa, ga masu waƙa a ƙungiya, ga wata doguwar hasumiya da matasa, har da 'yan mata, ke hawa su diro da lema don a cire musu tsoro. An kafa lasifika ko'ina. In ta yi kira, sai mutanen da ba su san juna ba su jeru su yi motsa jiki tare, wani na ƙirga musu. Wasu majami'un ma an mayar da su kulob na ma'aikata.

Abin da ya fi tsaya wa Iya Mai Makulli a rai shi ne lokacin da aka soke ranar hutu ta bai ɗaya. Don kada injuna su tsaya, kuma don a raba mutane da Lahadi, aka rarraba ma'aikata launi-launi, kowane launi da ranar hutunsa. Ita aka ba ta ruwan ɗorawa, mijinta ja. Ta ce ta shiga filin nan mai kyau sau ba adadi, ta hau hasumiya, ta yi rawa, amma da ƙyar take tuna ranar da ta shige shi da mijinta. Daga baya an janye tsarin, sai dai kafin nan amarcinta ya wuce.

In Kwamared ya kawo nan sai ya girgiza kai ya ce zalunci ne. Amma washegari bayan sallar asuba za ka ji shi a falo yana miƙa hannuwa yana ƙirgawa da Rashanci. Na taɓa tambayarsa, in abin zalunci ne, me ya sa ya ɗauko shi ya kawo har Landan? Ya juya cokali a kofi ya ce, "Dole aka yi mana, gaskiya ne. Amma ban taɓa ganin wanda aka manta da shi a ɗaki ranar hutu ba. Nan babu mai yi miki dole, Uwargida. Babu kuma mai ƙwanƙwasa miki ƙofa."

Ba maganar baka kawai ba ce. Wani dattijo a benenmu, mutumin Kumasi, ya rasu shi kaɗai a ɗakinsa aka yi kwanaki ba wanda ya sani. Bayan jana'izarsa ne Kwamared ya bi gidajen Hausawa ƙofa-ƙofa, ya ce kowa ya fito filin unguwa ranar Lahadi da safe, ba ya karɓar uzuri sai na mutuwa. Ya je wurin Hajiya Memuna, 'yar zangon Ghana ce mai shagon kayan shara da robobi, ya ce ta cire wa mopa kawuna ta ba shi sandunan. Sandar don kafaɗa ce: ka riƙe ta da hannu biyu, ka ɗaga sama, ka kai ta bayan wuya, ka juya dama ka juya hagu. In an gama sai a shimfiɗa tabarma, a buɗe fulas ɗin shayi, maza su yi dara, shi kuma ya miƙe ya yi abin da yake kira lacca. Hajiya Memuna ba ta taɓa barin sa ya kai ƙarshe ba.

"Kwamared, shayi zai yi sanyi. Ni na zo gyara baya ne, ban zo makaranta ba."

"Hajiya, jiki ba ya gyaruwa kai na kwance."

"Kaina yana nan lafiya. Kai ne mata ya gudu ya bar ka da surutu."

Kakata rasuwa ta yi, ba gudu ba, kuma kowa ya sani, shi ya sa har shi yake dariya. Amma duk wanda bai fito ba, kafin azahar Kwamared na bakin ƙofarsa. Ta haka aka gano wata mata da ta faɗi a banɗaki, ta haka aka san wanda matarsa ta tafi yake jin kunyar faɗa.

Umma tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ni kuma a wani sito inda ake ɗaure kayan da mutane suka saya ta waya. Ranar hutunmu ba a hannunmu take ba, a waya ake turo mana shift, wato lokutan aiki, wani lokacin ana gobe. Sai mu yi mako muna gida ɗaya ba mu ci abinci tare ba. Kwamared yakan dube mu ya ce, "Ke ja ce, uwarki ruwan ɗorawa. Su can aƙalla an gaya musu launinsu tun farkon shekara." Safiyar Lahadin nan roƙo muke yi da musaya kafin mu same ta. Da ya kwanta ciwon ajali, ni ya miƙa wa usur ɗin. Bai yi wani dogon jawabi ba. Cewa ya yi, "Kada ki hura da ƙarfi kusa da kunnen Hajiya, za ta rama."

Bayan rasuwarsa mutane suka riƙa raguwa, har muka koma 'yan tsiraru. Shi ya sa bana na so a yi abin da zai faranta masa. Na duba tsofaffin hotunansa na Masko, na ga matasa cikin kaya iri ɗaya suna tafiya a jere, sai na ce mu ma haka za mu yi. Na kira 'yan sahu na da da na yanzu, har samarin da ya koya wa suna yara, waɗanda yanzu sun zama magidanta masu gemu. Shi a cikin keken cefane yake tura sandunan zuwa fili. Ni na ce kowa ya saɓa tasa mu taka daga ƙofar bene. Mu a idonmu kwalliya ce. Ko mutum ɗaya a cikinmu bai tuna da yadda sunan Rasha yake a kunnen mutanen garin nan yanzu ba, ko yadda gemu da sahu suke a idonsu. Mu Kwamared kawai muke gani.

Kafin la'asar hoton da matar ta ɗauka ya zagaya intanet. Wani ya rubuta a kai cewa ga sansanin horo a tsakiyar Landan. Mutanen da ban taɓa gani ba suna ta rubuta abin da ya kamata a yi mana. Wani ya gane filin, wani ya gane benenmu. Fuskata ce ta fi fitowa, baki buɗe, hannu sama. Na kashe wayar, na kunna, na sake kashewa.

A tsakiyar mako da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Jami'an tsaro biyu ne, mace da namiji, cikin kayan gida. Ba su ɗaga murya ba. Macen har ta tambaya ko su cire takalma. Sun ce ba kama ni suka zo yi ba, fahimta suke so su yi. Umma ta kawo shayi, ba wanda ya sha. Namijin yana kallon hoton Kwamared da ke bango, da hular gashi, dusar ƙanƙara har gwiwa. Ya tambaye ni wa ke horar da mutanen, na ce ni. Wa ya horar da ni, na ce kakana. Ina yake, na ce ya rasu. Shi kuma a ina ya samu nasa horon? Na ji kalmar Masko ta fito daga bakina, na ga alƙalaminsa ya tsaya. Na so in ce ba horo ba ne, motsa jiki ne, amma Turancin da na tashi da shi ya gudu ya bar ni. Na yi zaton za su nemi sunayen mutanen da ke hoton. Ba su nema ba. Sun riga sun san su. Da za su fita macen ta tambaya, kamar abin bai da muhimmanci, ko gaskiya ne takardun zamana suna gaban hukuma ana duba sabuntawarsu. Na ce gaskiya ne.

Lauyar da muka gani a Whitechapel ba ta ɓoye mini ba. Ta ce muddin binciken nan na buɗe, sabuntawar za ta iya tsayawa, kuma in aka rubuta wani abu a kan sunana, za a iya hana ni zama. Na ce to me zan yi? Ta ce in jira. Na ce ban da jira fa? Ta ce kada in goge komai a wayata, kada in rubuta komai, kada in tara kowa. Na fito na tsaya a bakin kasuwa, mutane na gogar kafaɗata, na rasa ko wace hanya ce ta tasha. Masu karatu a gida, kada ku ce ƙasata nake gudu. Ina son Zariya, ina mafarkinta. Amma rabin rayuwata a nan take, kabarin Kwamared a nan yake, kuma Umma ba ta da kowa a garin nan sai ni. In aka ce in tafi, ko ta bi ni ta bar aikin da muke ci da shi, ko ta zauna ta zama irin dattijon nan na Kumasi.

Lahadin da ta biyo baya ba wanda ya fito, ni ma ban fita ba. Wasu suka daina ɗaga wayata. Ban ga laifinsu ba, kowa da tasa takardar da yake lallaɓawa. Umma ta tattara sandunan a buhu ta mayar wa Hajiya Memuna, ita kuma ta mayar musu da kawunansu ta jera a ƙofar shago. Da na bi ta wurin ta jawo ni ciki ta danna mini ƙunshin wake da shinkafa a hannu. "Ci, kin rame. Kowa ya zo ya gani, bindiga ya koma mopa. In sun zo na sayar musu ɗaya." Ta yi dariya, amma idonta na kan titi. Umma ta so jefa usur ɗin a kogi. Na ce mata na riga na jefar, alhali yana cikin garwar shinkafa.

Tsoro ba irin yadda nake zato ba ne. Ba ihu ba ne. Ka ji lif ya tsaya a hawanku sai numfashinka ya tsaya tare da shi. A tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, wani ya dube ka sau biyu sai ka sauka tashar da ba taka ba. A wurin aiki in shugabar sashenmu ta kira sunana sai in ɗauka su ne suka zo, ashe kwali take so in miƙo. Ba abin da zan iya yi, ba wanda zan roƙa, ban ma san a wane ofis ake yanke hukuncina ba.

A cikin makonnin nan na yi ta tambayar kaina me Kwamared zai ce. Wani labarinsa ne ya riƙa dawo mini. A Masko, in ji shi, ba a fito ƙiri-ƙiri an hana baƙi salla ba, amma wanda aka san yana yi sai a sa masa ido. Don haka labule yake ja, ya shimfiɗa tawul tsakanin gado da kabad. Wata rana Iya Mai Makulli ta buɗe ƙofa ba sallama ta same shi a sujada. Aikinta ne ta kai rahoto. Ta tsaya har ya sallame, sannan ta fita. Sai daga baya ya ji abin da ta gaya wa na sama: wai ɗalibin nan ɗan Afirka ya fi kowa riƙo da motsa jiki, sau biyar yake yi a rana, irin na ƙasarsu. Har yabo aka yi masa a taron ɗalibai. Duk lokacin da ya ba da labarin sai ya yi dariya har ya yi tari. Ni yanzu ba ya ba ni dariya. Shi ya yi sa'a mai kallonsa ta san shi, ta san shayin da yake so da ranar da wasiƙar gida ke sa shi kuka. Ni wadda ta kalle ni ba ta taɓa jin sunana ba, kuma dubban da suka kalle ni bayanta ba su ma san akwai hawan jini a sahun ba. Ina jin da yana raye zai ce a can gwamnati ce ke gaya wa mutum yadda zai huta. A nan ba ta gaya maka, sai ka yi wanda bai yi kama da nasu ba tukuna ka gane akwai doka.

Jami'an suka sake kirana, wannan karon zuwa wani ɗan ɗaki a ofishinsu, ni da lauya. Tambayoyin dai su ne, an juya su. Kakana ɗan gurguzu ne? Na ce mutumin da ya yi aikin hajji, bai taɓa barin jam'i ba sai da ƙafa ta gaza. To me ya sa ake ce masa Kwamared? Na ce tsokana ce. Me ya sa da Rashanci? Na ce da shi ya koya, mu ma da shi muka koya, tsofaffinmu ba su san ma'anar rabin kalmomin ba, jikinsu ne ya sani. Sai macen ta ce in nuna musu. Babu sanda, sai lemar lauyata. Na miƙe a ɗan wurin da ke tsakanin tebur da bango, na riƙe lemar da hannu biyu, na ɗaga, na kai bayan wuya, na juya dama na juya hagu, ina ƙirgawa, hawaye na bin hijabina. Abin da na yi tun ina yarinya a ƙarƙashin bishiyoyi, Tsoho na gefe yana cewa Uwargida gwiwar hannu, shi nake yi a gaban baƙi don kada a kore ni daga gidana. Na ga bakin namijin ya motsa kamar zai yi dariya, sai ya haɗiye. Macen ta taɓa tata kafaɗar ba tare da ta sani ba. Suka ce za su tuntuɓe ni. Aka koma jira.

Ranar wata Laraba ce, wadda ta zo daidai ni da Umma duk muna hutu, abin da muka daɗe ba mu samu ba. Bayan azahar wayata ta yi ƙara, ba lamba. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Macen nan ce. Ta ce sun kammala, ba su ga wani abin damuwa ba, an rufe maganar, ba za ta shafi takarduna ba. Na ce ta maimaita, ta maimaita. Na zauna a ƙasa. Sannan ta ƙara da abin da ta kira shawara. Motsa jiki abu ne mai kyau, in ji ta, suna ƙarfafa shi. Amma gaba mu nemi izinin council, wato ƙaramar hukuma, kafin mu taru da yawa, mu bar sanduna, mu bar kaya iri ɗaya, mu ƙirga da Turanci. In da hali ma mu kama zaure a cikin gini, ko mu shiga ajin da aka yi wa rajista. Na ce to. Na ce na gode. Har sau nawa na ce na gode, ban sani ba.

Na zauna da wayar a cinya ina auna abin da ya rage na Kwamared. Sahun ya watse, ban san ko zai sake haɗuwa ba, ban kuma san ko ina da zuciyar sake tsayawa a gabansa ba. Sandunan suna goge gidajen mutane. Usur ɗin yana cikin shinkafa. Har yanzu da nake rubuta wannan, in lif ya tsaya sai na saurara. Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, ya haskaka kabarinsa, ya sa aljanna ce makomarsa. Ya ɗauko abu daga ƙasar da ta yi wa mutane dole, ya cire dolen gwamnati ya sa tasa ta ƙauna, ni kuma ban iya riƙe masa shi shekara biyar cikakku ba, sai da na tara mana jama'ar duniya.

Na tashi in je in gaya wa Umma. Na same ta a kicin, ta ja labulen taga duk da rana ce tsaka. Ta riƙe muciya da hannu biyu, ta kai ta bayan wuya, tana juyawa dama da hagu, tana ƙirgawa da Rashanci can ƙasa-ƙasa yadda ko maƙwabci ba zai ji ba. Kafaɗarta ce ta dame ta, daga ɗaga tsofaffi. Da ta gan ni ta yi saurin sauke muciyar kamar na kama ta da sata.

"Su ne?" in ji ta.

"Su ne, Umma. Sun ce an rufe. Ba inda za ni."

Ta ce alhamdulillahi, ta sake cewa, ta jingina da firiji ta rufe ido. Na miƙa hannu zan yaye labulen, sai ta riƙe mini hannu.

"Bar shi tukuna," in ji ta. "Saura ɓangaren hagu. Ƙirga mini, a hankali."